Kwamfutar da Asabe Ta Ɓoye a Kwalla

Asabe ba ta taɓa ƙaunar abin nan ba tun ranar da ya shigo gidanta. Mijinta Abdulwahid, wanda mutanen Haɗeja ke kira Injiniya saboda aikinsa na awon ruwan kogi da fitar da magudanan noman rani, shi ya zo da shi daga Ingila shekarar da aka tura shi kwas. Mazan kirki suna dawowa daga Turai da agogo da turare da leshi, shi kuwa bawan Allah sai ya dawo mata da wani ɗan baƙin akwati da bai fi faranti ba, samansa cike da madannai na roba. Wai sunansa kwamfuta. Ba shi da fuska, sai an jona shi da talabijin. Ba ya riƙe abu a kansa, da an cire masa wuta ya manta komai, sai dai a juye masa a kaset. Da yake wutar gari ba ta da alkawari, Injiniya ya haɗa shi da ƙaramar talabijin ɗinsu marar kala a jikin wani tsohon batirin mota da ke ƙarƙashin tebur.

"Zo ki gani, Asabe," yakan ce bayan la'asar. "Zo in koya miki, ba wuya."

"Ni da kekena mun ishi juna," in ji ta, ta ci gaba da taka keken ɗinkinta. Shi kuma ya yi ta surutunsa shi kaɗai, wannan na kaza ne, wancan na kaza ne, tana ji da rabin kunne.

Mutum ne mai abin mamaki ta wasu wuraren. Ɗan masunta ne gaba da baya, daga wani ƙauye can bayan Guri, aikinsa kuma kogi, amma Asabe ba ta taɓa jin an ce ya shiga jirgin ruwa ba. Daga kan gada yake awonsa, in abu ya kama a shiga tsakiya sai ya tura ma'aikatansa. Garinsu ma sai rani ya yi, hanya ta bushe ƙarau, yake kai ziyara. Ita dai ta ɗauka ɗagawar 'yan boko ce, har takan tsokane shi cewa ba ya son takalminsa ya jiƙe.

A wata damina mai ruwa da yawa, ba a daɗe da yanka musu sabuwar jiha ba, Asabe ta shiga ɗaki da kwanon abincin rana ta tarar da shi kwance a ƙasa. Bakinsa ya karkace, ido a buɗe. Rikoda na kan tebur tana wani irin kuka mai tsaga kunne, gefen talabijin kuma wasu layuka baƙi da fari suna ta tsalle. A asibiti likita ya ce hawan jini ne ya buge shi. Ɓarin dama ya shanye, harshe ya yi nauyi ba magana, hannun hagu na motsi amma rawa yake yi ba tsayawa. Aka sallamo su da ƙwayoyi, likitan ya ja mata kunne sosai: kada a tsallake ko rana ɗaya, kada kuma a wahalar da shi da tafiya, domin in ya sake bugun sa da wuya ya tashi.

Sai ga Shu'ibu, yayan Injiniya, ya iso daga ƙauye. Shu'ibu ba mugu ba ne, kada wani ya ɗauka haka. Shi ya riƙe ƙaninsa tun rasuwar iyayensu, da kifin da yake kamawa ya ciyar da shi har ya zama abin da ya zama. Amma mutum ne wanda in ya kafe a kan magana ko jaki ya san ya fi shi sauƙin kai. Da ya ji yadda aka tarar da ƙaninsa, ya ce a ba shi kaset ɗin. Shi a saninsa kaset abu uku ake sa masa: wa'azi, waƙa, ko saƙon ɗan'uwa da ke Makka. Ya sa shi a rediyonsa a zaure, gaban 'yan dubiya, ya ƙure murya.

Abin da ya fito ba maganar mutum ba ce. Wani dogon fito ne siriri, sai kuma ƙara mai kama da ana yanka kwano da zarto, ta tsaya, ta sake ɗaukowa. Zaure ya watse. Wani dattijo sai da yamma ya aiko a ɗauko masa takalmansa.

"Kun ji su ko?" in ji Shu'ibu, yana zufa. "Mutanen ruwa ne. Shekara da shekaru yana zura musu sanda a gida wai awo, ga shi sun biyo shi har ɗaki, ya ba su akwati sun zauna." Ya leƙa cikin gida ya kira ta. "Asabe, abin nan kada ya kwana a gidan nan. A ba wani ya jefa shi kogi, ya koma inda ya fito."

"To, Yaya," ta ce.

Ta yi niyyar bin umarnin, domin ita ma tsoron abin take ji har cikin ranta. Da tsumma ta naɗe hannu kafin ta taɓa shi. Amma tana ɗaga shi daga tebur mijinta ya yi wani gurnani daga kan gado, irin wanda ba ta taɓa ji daga bakin ɗan Adam ba, idonsa kafe a kan akwatin, hawaye na bin gefen fuskarsa. Ta tsaya da abu a hannu ta rasa yadda za ta yi. Ƙarshe ta buɗe kabad ɗin jerenta, ta sauko da babbar kwalla, ta saka shi ciki da wayoyinsa, ta rufe ta mayar. Duk ƙasar Hausa babu namijin da zai buɗe kwallar mace. Da Shu'ibu ya tambaya ta ce an kai, kuma tun da aka kawo ta gidan ba ta taɓa yi masa ƙarya ba sai ranar.

Shu'ibu bai tsaya nan ba. Ya ce akwai wani mai magani a wani tsibiri gaba da ƙauyensu, wanda ya san kan mutanen ruwa. Zai koma ya shirya da shi, ranar Asabar ya dawo da Safiyanu direba. Mota za ta kai su bayan Guri, inda ruwa ya cinye hanya, daga nan jirgi. Asabe ta san labarin mutumin. A ɗaki yake rufe mara lafiya ya turara shi da hayaƙi, kuma sharaɗinsa na farko a zubar da maganin asibiti.

Ta durƙusa daga bakin ƙofa, kanta a ƙasa. "Yaya, likita fa ya ce kada a..."

"Likita ya san mutanen ruwa?"

"Shi ma ba ya so, Yaya. Yana ji, yana ganewa. In na tambaye shi yana amsa mini da ka."

"Kansa rawa yake yi, Asabe. Ki tambaye shi ko shi ɗan akuya ne, zai gyaɗa miki." Ya share fuska da hannun riga. "Wahidu ba ya cikin jikin nan yanzu. Ni na rene shi, ba zan zauna ina kallo ba."

To, ina matar ƙani za ta ja da yayan miji? Ta san sarai in aka sa mutumin nan a bayan mota, aka sauke shi a jirgi, aka raba shi da ƙwayoyinsa, gawarsa za a dawo mata da ita, in ma an dawo da ita.

Bayan tafiyar Shu'ibu ta gwada biro da takarda. Ta sa masa a hannun hagu, biron ya yi ta yawo, abin da ya fito ko yaron da bai shiga makaranta ba ya fi shi. Ta yaga takardar ta sa a murhu, don kada wani ya gani ya ce ga rubutun aljanu. Shi kuwa Injiniya ba takardar yake kallo ba. Kabad yake kallo, ya dube ta, ya sake kallon kabad, yatsansa na hagu yana ƙwanƙwasa katifa. Ta fahimta tun da wuri, ta yi kamar ba ta gane ba har washegari, saboda tsoro.

Tsakanin azahar da la'asar gidan ke yin shiru, 'yan dubiya sun tafi. Ta sakaye ƙofa, ta karanta duk addu'ar da ta iya, ta sauko da kwalla. Ta jawo tebur jikin gado, ta tallafe shi da matasai. Wayoyin suka tsaya mata a gaba kamar taliya. Ta riƙa ɗaga su ɗaya bayan ɗaya tana nuna masa, in ta nufi ramin da ba shi ba ya yi gurnani, in ta dace ya lumshe ido. Mai kauri ta shiga bayan talabijin inda eriya take. Siririyar ta shiga bayan akwatin. Waɗanda ke zuwa rikoda ta ture su gefe da ƙafa, ya yi ta kallonta, ta ce, "Wannan kam ko za ka yi fushi ba zan jona ba." A wurin batir ta kusa yin ɓarna, ta kai jan maƙali kan da ba nasa ba, ya yi wata ƙara da ta sa ta saki. Ashe jan maƙali na hawa ne kan da ke da alamar tarawa. Da ta maƙala, tartsatsi ya tashi, ta yi salati da ƙarfi.

Talabijin ta kawo yashi da shuu. Ta yi ta murɗa abin neman tasha a hankali, yadda ta sha ganin yana yi, har fuskar ta washe ta zama fari tas, da ɗan layin Turanci a ƙasa. Asabe ta gama firamare, tana karanta boko, Turancinta dai na gaisuwa ne. Ta ce bari ta rubuta sunanta ta gani. Ta nemo A, ta danna sau ɗaya.

Abin da ya fito haruffa uku ne: NEW.

Ba ta san lokacin da ta zare sakata ba. Sai ganin kanta ta yi a tsakar gida, ba ɗankwali. Ita A ta danna, da idonta ta gani. Wa ya rubuta sauran? Ashe Yaya gaskiya ya faɗa, akwai mai zama a ciki, kuma yanzu ya san hannunta. Ta tsaya jikin randa tana cewa ba za ta koma ba. Sannan ta tuna ta bar mutumin da ba ya iya gudu shi kaɗai da abin, ta koma tana jan ƙafa.

Ta tarar da kafaɗarsa na girgiza, ta ɗauka ciwon ne ya dawo. Ashe dariya yake yi, da rabin bakin da ya rage masa. Tun faɗuwarsa ba ta ga haƙorinsa ba sai ranar. Haushi ya kama ta, ta ce, "Au, abin dariya ma na zama?" Ya kai yatsa yana rawa ya nuna madannin da ta taɓa. Ta sunkuya ta duba da kyau. A jikin robar, ƙarƙashin A, an rubuta NEW da 'yan ƙananan haruffa. Ta duba na kusa da shi, shi ma da tasa kalmar. Kowane madanni da kalmarsa a goshi, tun daga masana'anta.

Daga nan surutun da ta riƙa ji da rabin kunne ya fara dawo mata. Abin ba ya karɓar hira da farko, umarni yake jira, shi ya sa dannawar farko ke fito da kalma sukutum. Sai an ba shi umarnin sannan haruffa ke zuwa ɗaya-ɗaya. Ta bi su tana gwadawa, shi yana lumshe ido ko yana gurnani. P ke kawo PRINT, wato ya rubuta. V ke kawo CLS, mai share fuskar talabijin. NEW ɗin da ya kore ta tsakar gida cewa yake a manta komai a sake sabon lale. Babu wanda ke aiki sai an danna ENTER, kamar ka ce wa ɗan aike tashi ka tafi. J kuwa ke kawo LOAD, shi ne mai sauraron kukan kaset, domin kukan nan rubutu ne aka mayar sauti. Ta yarda da bayanin da ta haɗa da kanta, amma yatsanta bai ƙara bi ta kan J ba.

Wahalar ta ɓullo inda ba ta zata ba. Ya danna P da kansa bayan fama, PRINT ya fito. Sai ya buɗe tafin hannu yana son kai babban yatsa kan wani madanni mai jan rubutu a ƙasa, ɗan yatsa kuma kan P a sama, lokaci guda. Hannun ya ƙi. Ya sake, ya ƙi. Ya kawar da kai wajen bango. Asabe ta dubi madannan biyu, ta tuna yadda keke ba ya ɗinki sai ƙafa na takawa hannu na jan ƙyalle. Ta ɗora yatsanta kan mai jan rubutun ta danne. "Danna naka," ta ce.

Wasu 'yan ɗigo biyu suka fito a sama, alamar buɗe zance. In babu su a farko da ƙarshe, duk abin da aka rubuta sai abin ya tofar da shi. Goge kuskure ma haka, madanni biyu a tare. Wanda ya ƙera akwatin bai taɓa tunanin mai hannu ɗaya ba.

Saura nauyin yatsa. In ya danna harafi ba ya iya ɗagowa da wuri, sai harafin ya yi ta gudu har ya cika layi. Ta tallafi wuyan hannunsa da tafinta, ba ta ja ba, ba ta tura ba, ta dai ɗauke masa nauyi. A nan ta ji abin da ya sa tsikar jikinta ta tashi: a cikin rawar nan akwai ja, hannun ya san inda za shi. Harafi ya bi harafi, da kuskure da gogewa, har la'asar ta kusa. Ta danna ENTER, rubutun ya hau sama.

sannu asabe

Ta kifa kai a gefen katifa ta yi kuka mai isarta. Mutum yana nan cikin jikinsa, duk kwanakin nan yana jin ana maganarsa a kansa kamar buhun shinkafa.

Kwana biyun da suka biyo baya suka yi ta yi, hannunta na sabawa. Ta tambaye shi ko yana son zuwa wurin mai magani, ya rubuta a a. Ta ce to shi zai faɗa wa Yaya da kansa. Amma ta lura hoton talabijin na tsukewa, baƙi na cin gefe da gefe. Ya dubi ƙarƙashin tebur, ya rubuta batir, ya rubuta kashe. Wutar gari kuwa tun da ruwa ya kwantar da turakun lantarki ba a ƙara ganin ta ba. Kai batir caji ba abin ɓoyo ba ne, a unguwar da kowa ya san an jefa akwati a kogi, kafin a dawo da shi labari ya isa Guri. Ta cire maƙalan ta mayar da komai kwalla. Abin da ya rage a batirin nan shi ne bakin mijinta, kuma ba ta san ko zai kai jimla ɗaya ba.

Shu'ibu bai jira Asabar ba. Ranar Alhamis da hantsi, gari duk ya tafi bakin jinga ana cika buhuna da ƙasa saboda kogi na ta hauhawa, sai ta ji tsayuwar mota a ƙofar gida. Ya ce in aka ƙara kwana hanyar Guri ma za ta yanke. Safiyanu direba, wani dogon mutum mai furfura a gemu, ya riga ya shimfiɗa katifa a bayan a-kori-kurarsa. Suka yi sallama suka shigo ɗaki, Shu'ibu ya nufi kafaɗu, Safiyanu ya nufi ƙafafu. Idon Injiniya ya fito waje, numfashinsa na fita da sauri.

Asabe ta zube a gabansu. "Yaya, ka yi mini aikin gafara. Ban jefar ba."

"Ba ki jefar da me ba?"

Ta tashi ta sauko da kwalla ta buɗe. Shu'ibu ya ja da baya har ya bugi ƙyaure. "Innalillahi! Asabe! A ɗakin da yake kwance? Ashe ke ce kike ƙara masa! Safiyanu, miƙo mini taɓarya."

Injiniya ya yi gurnanin nan nasa, gado ya girgiza. Safiyanu ya saki ƙafafun ya ce, "Malam Shu'ibu, bari mu ga abin da za ta yi. In fasawa ce ai ba gudu zai yi ba."

Ba ta jira amsa ba. Mai kauri a eriya, siririya a akwati, ja a kan tarawa. Hoton ya zo a tsuke, bai fi tafin hannu biyu ba, fari-farinsa ya koma toka. P, jan madanni, ta tallafi hannunsa. Shu'ibu allo ya yi, ba ya karanta boko, don haka Safiyanu ne ya matso ya ƙanƙance ido yana haɗawa.

"Ya... ya. Yaya. Ni... ne. Ya ce, Yaya ni ne."

Shu'ibu ya dubi talabijin, ya dubi hannun Asabe da ke ƙarƙashin na ƙaninsa, ya girgiza kai. "Ke kike jan hannunsa. Ina kallon ki. Ko ke, ko su."

Asabe ta zame hannunta a hankali, ta tashi, ta koma bakin ƙofa ta tsaya. Hannun Injiniya ya faɗi kan madannai, ya zame ya fizgi siririyar wayar. Rubutun ya ɓace. Safiyanu ya tura wayar ta koma, farin shafin ya dawo babu komai a kai, ya ƙara tsukewa.

Injiniya ya ɗaga hannun shi kaɗai. Ya yi ta lilo a sama, ya sauka a gefe, ya sake ɗagawa, jijiyar wuyansa ta miƙe. Ya samu P. PRINT ya fito, Shu'ibu ya zabura. Sai mara lafiyan ya ɗora ido kan yayansa, ya mayar kan jan madannin, ya sake ɗagowa.

"Me yake nufi?" in ji Shu'ibu, ba tare da ya waiwayo ba.

"Mai jan rubutun nan na ƙasa, Yaya," ta ce daga bakin ƙofa. "Sai an danne masa. Ba ya yiwuwa da hannu ɗaya."

Shu'ibu mutum ne da ke nutso ƙarƙashin ciyawa ya kwance taru a ruwan da ya fi tsayin mutum biyu. Amma sai ga shi ya kasa matsawa kusa da akwatin. Ya tsaya, hoton na ƙara shigewa ciki, ita kuma tana ƙirga numfashinta tana roƙon Allah a zuci. Can ya yi bisimilla da ƙarfi, kamar mai shiga kabari, ya miƙa ƙaton yatsansa mai kanta ya danne robar, ya runtse ido. Ba abin da ya same shi. Ɗigo biyu suka fito.

"Yanzu ka saki, ka tallafi wuyan hannunsa," ta ce. "Kada ka ja. Ka ɗauke masa nauyi kawai."

Ya durƙusa a gaban gado ya sa tafinsa ƙarƙashin hannun ƙaninsa. Hannun ya tafi hagu, ya sauka. Ya tafi dama. Asabe na kallon bayan wuyan Shu'ibu, ta ga lokacin da ya sandare, domin ta san abin da ya ji.

"Ja yake yi," ya ce da wata ƙaramar murya. "Wallahi shi ke ja na. Kamar kifi a fatsa."

Safiyanu ya kusa manna hanci da gilashi. "Ka... da. Kada ka... sa ni. A ji... jirgi. Kada ka sa ni a jirgi." Hannun bai tsaya ba. Haruffan sun dusashe, sai ya sa tafi ya kare hasken taga. "I... na. Ina tso... ron. Ina tsoron ru..."

Hoton ya tattare ya zama ɗigon haske a tsakiya, ya mutu.

Babu wanda ya ce a ƙarasa. Shu'ibu na durƙushe, hannun ƙaninsa a nasa. Da ya yi magana ba da su yake ba.

"Yana ɗan shekara bakwai ya faɗa daga jirgin Baba, ranar da muka fita su, kamun kifi. Ni na cafo shi ta gashi." Ya ƙara riƙe hannun ƙaninsa. "Ya ce in rufa masa asiri, kada a ji ɗan masunci na tsoron ruwa. Shi ya sa na kai shi boko. Ko matata ban taɓa gaya wa ba." Ya ɗago ya dubi fuskar da ta karkace. "Wahidu. Ashe kana ji na, ranar da na ce..."

Injiniya ya lumshe ido, yatsansa na ta ƙwanƙwasa madannin da ba ya kawo komai. Asabe ta jingina da ƙyaure. Shekarun aurensu duka tana yi masa tsiyar takalmi.

Shu'ibu ya share ido da kafaɗa, bai saki hannun ba. "Me ya kashe shi?"

"Batir ne ya ƙare, Yaya."

"Irin na mota?"

"Irin sa."

"Safiyanu, je ka ciro na motarka ka kawo."

Direban ya yi turus. "Malam Shu'ibu, in na ciro shi da me za mu tashi motar? Ruwa fa na tahowa."

"Na ce ka ciro," in ji Shu'ibu. "Bai gama magana ba."